Maƙwabciyar Rana Mai Aman Wuta: Labarin Proxima Centauri

Waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba saka muku.

Yau sama muka nufa, kuma da tambaya za mu fara. In ka cire Rana, wace tauraruwa ce ta fi kusa da mu? Da yawa za su nuna Zara, ko Gamzaki mai fitowa da asuba, tunda su suka fi ɗaukar ido. To, waɗannan biyun ma abu guda ne, duniyar nan ce da Turawa ke kira Venus, hasken Rana kawai take haskowa. Tauraruwar da ta fi kusa da mu kuwa, ko ka kwana a waje kana kallon sama ba za ka gan ta ba. Sunanta Proxima Centauri. Ƙarama ce, ja ce, haskenta kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Amma kuma tana da wani hali: lokaci zuwa lokaci takan yi aman wuta, haskenta ya ninka sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙoƙi, sannan ta koma shiru kamar ba ita ba.

Me ya sa wannan zai dame mu? Saboda akwai wata duniya mai kusan nauyin tamu da ke zagaya ta. Kuma kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke gungunmu na Milky Way irin Proxima ne. Kenan in rayuwa za ta yiwu a gefenta, to sararin nan cike yake da wuraren da za a iya rayuwa. In kuma ba za ta yiwu ba, to irin gidan da muke ciki ya fi ƙaranci fiye da yadda ake zato. Ku biyo ni a hankali.

Bari mu fara da nisa. Haske yana gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa ɗaya. Daga Rana zuwa nan, minti takwas da 'yan kai yake yi. Daga Proxima zuwa nan kuwa sai ya yi shekara 4.24 a hanya, wato kusan kilomita tiriliyan 40. Na san wannan lambar ba ta shiga kai, don haka mu rage girman komai. A ce tsakaninmu da Rana mita ɗaya ne, taku guda mai faɗi. A wannan ma'aunin Rana ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, duniyarmu kuma ƙura ce da ido ke gani da ƙyar. Neptune, duniya ta ƙarshe a gidanmu, tana mita 30. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977, wanda ya fi duk wani abu da ɗan Adam ya ƙera yin nisa, bai kai mita 200 ba. Proxima fa? Kilomita 268. In ka ajiye gyaɗar a tsakiyar Kano, sai ka hau mota ka wuce Zariya, ka wuce Kaduna, sannan za ka tarar da ita, kuma girmanta bai kai ƙwayar gero ba. Wannan fa ita ce maƙwabciya ta kusa.

A Afirka aka gano ta. A shekarar 1915, wani masanin taurari ɗan Sikotilan mai suna Robert Innes yana shugabantar cibiyar kallon taurari ta Union a Johannesburg, Afirka ta Kudu. Aikin da yake yi shi ne kwatanta hotunan sama da aka ɗauka shekaru a tsakani, a ga wace tauraruwa ce ta gusa. Sai ya lura da wani ɗan ɗigo mai dishi-dishi da ke tafiya hanya ɗaya da gudu ɗaya da babbar tauraruwar nan Alpha Centauri. Shi ya raɗa mata suna Proxima, kalmar Latin ce mai nufin mafi kusa. A 1917 wani masani ɗan Holan, Joan Voûte, ya auna nisanta daga Cape Town, sai aka ga a duk taurarin da aka sani a wancan lokacin babu wadda ta kai ta ƙarancin haske.

Ta yaya ake auna nisan abin da ba a je ba? Miƙe hannunka, ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Haka ake yi wa taurari. A ɗauki hoto yau, a sake ɗauka bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen Rana, tauraruwar kusa za ta ɗan gusa a kan na bayanta. Girman gusawar shi ke ba da nisa. A watan Afrilun 2020 ma kumbon New Horizons, daga nisan kusan kilomita biliyan 7, ya ɗauki hoton Proxima da wata 'yar uwarta Wolf 359. Da aka jera hoton da wanda aka ɗauka daga nan, ko yaro zai ga sun canja wuri.

Za ka iya ganin unguwar da take daga Arewa ko daga Nijar. Daga watan Mayu zuwa Yuli, in an samu dare babu hadari, ka fuskanci kudu sosai. A farkon Yuni wajen ƙarfe goma na dare za ka ga taurari biyu masu haske a jere, ƙasa-ƙasa, ba su yi nisa da saman bishiyoyi ba. Ta hagun ita ce Alpha Centauri, ta uku a haske a duk taurarin dare. Larabawa suka sa mata Rijlu Ƙanɗuris, daga nan aka samo sunan Rigil Kentaurus da ake kiran ta da shi. A ido tauraruwa ɗaya ce, amma biyu ne masu kama da Rana suke zagaya juna. Proxima ce ta ukunsu, tana gefe da tazarar faɗin wata huɗu, kuma takan ɗauki fiye da shekara dubu 500 kafin ta zagaya su sau ɗaya. Ita kam sai da madubin hangen nesa, domin ta gaza abin da ido ke iya kamawa da kusan sau ɗari.

To wace irin tauraruwa ce? Masana na kiran irinta jar wada. Nauyinta kashi 12 cikin ɗari na nauyin Rana, faɗinta kuma kusan kashi ɗaya cikin bakwai, wato ta ɗara duniyar Jupita da rabi kawai. Zafin fuskar Rana ya kai digiri 5,500, nata bai kai 3,000 ba, shi ya sa take ja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wannan: ƙarfe in ya fara zafi ja yake yi, sai ya yi zafi sosai yake komawa fari. Mafi yawan ƙarfinta ma a matsayin hasken zafi da ido ba ya gani take fitar da shi. In aka cire Rana aka ajiye Proxima a gurbinta, tsakar rana za ta zama kamar hasken farin wata ashirin a haɗe, tekuna kuma su daskare.

Amma ƙanƙanta tana da ribarta. Tauraruwa tana rayuwa ne da haɗe iskar haidirojin ta koma hiliyum a cikinta. Rana tana yin wannan a can tsakiya, kuma man da ke tsakiyar kaɗai za ta ci, kusan kashi goma cikin ɗari, sai ta tsufa bayan shekara biliyan 10. Proxima kuwa duk jikinta juyawa yake, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, kamar kunu a tukunya yana tafasa. Saboda haka kusan duk man da ke jikinta zai isa murhu, kuma a hankali take ci. Lissafi ya nuna za ta yi shekara tiriliyan 4 tana ci, kusan sau 300 na shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, wanda aka ƙiyasta a biliyan 13.8. Tun da aka fara taurari, babu jar wada ko ɗaya da ta mutu da tsufa. Dukkansu yara ne.

Yauwa, wannan tafasar da ke ba ta tsawon rai, ita ce kuma ke jawo aman wutar. Jikin tauraruwa iska ce mai zafi da ke ɗauke da cajin lantarki. Duk inda irin wannan iskar ke juyawa, ƙarfin maganaɗisu ke fitowa. Ka ɗauka igiyoyin roba ne suka fito daga cikin tauraruwar suka lanƙwasa suka koma. Tafasar tana murɗa su, tana ƙara murɗawa, har su kai inda ba za su iya ɗauka ba. Sai su tsinke su sake haɗewa ta wata hanyar, kuma duk ƙarfin da aka tara a murɗawar ya fita lokaci guda. Haske ya fita, hasken UV mai ƙona fata ya fita, hasken X irin na hoton ƙashi a asibiti ya fita, wani lokacin har da guguwar ɓurɓushi masu caji.

Rana ma tana yin wannan, kuma mun ɗanɗana. Ranar 1 ga Satumban 1859 wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zana baƙaƙen ɗigon da ke fuskar Rana sai ya ga wani farin haske ya tashi. Ƙasa da awa 18 bayan nan guguwar ta iso. Wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka riƙa tartsatsi, wasu ma'aikata wuta ta ja su. Ranar 13 ga Maris 1989 wata guguwar ta kashe wutar lardin Quebec na Kanada, mutum miliyan shida suka zauna a duhu na awa tara. Mu da muka saba da ɗaukewar wuta za mu ce awa tara ai wasa ne, amma ku tuna daga nisan kilomita miliyan 150 aka kashe ta. A Fabrairun 2022 kuma kamfanin SpaceX ya yi asarar kusan taurarin ɗan Adam 40 na Starlink, kwana kaɗan da harba su, saboda wata guguwar da ba ma babba ba ce. Wannan fa Rana ce, wadda a cikin taurari ake ganin ta mai sanyin hali.

A Rana, aman wuta ba ya canja hasken da ido ke gani sosai, domin ita kanta haskenta ya yi yawa. Kamar ka kunna ashana a gaban fitilar mota ne. A Proxima kuwa ashanar a ɗaki mai duhu aka kunna. A 1951 Harlow Shapley na Jami'ar Harvard ya sanar cewa Proxima mai aman wuta ce, bayan an duba tsofaffin hotunanta an ga a wasu ta fi haske. Kafin nan an riga an san irin wannan hali a wata jar wadar mai suna UV Ceti, mai nisan shekarar haske 8.7, wadda a 1952 haskenta ya ninka sau 75 cikin daƙiƙa 20. Da sunanta ake kiran duk dangin.

Ga manyan guda uku da aka kama a Proxima. Na farko, 18 ga Maris 2016. Wata na'ura mai kyamarori da yawa a ƙasar Chile, Evryscope, ta ga haskenta ya ninka kusan sau 68. Na 'yan mintuna, tauraruwar da ido ba ya gani ta kai bakin abin da mai kaifin ido zai iya hangowa a daji mai duhu.

Na biyu, 24 ga Maris 2017, kuma labarinsa ya nuna yadda kimiyya ke gyara kanta. Wasu masana sun duba bayanan na'urar ALMA da ke hamadar Atacama, suka ga ƙarin haske, suka ce zoben ƙura ne ke kewaye da tauraruwar. Sai wata masaniya, Meredith MacGregor, ta sake duba bayanan daƙiƙa bayan daƙiƙa, maimakon a dunƙule. Ta tarar kusan duk ƙarin hasken a cikin ƙasa da minti biyu ya fito. A irin hasken da ALMA ke gani, Proxima ta ninka sau dubu cikin daƙiƙa goma.

Na uku, 1 ga Mayun 2019. Wannan karon an yi mata kwanton ɓauna ne. MacGregor da abokan aikinta suka saita na'urori tara, na ƙasa da na sama, har da Hubble da TESS, suka sa mata ido na awa 40 a cikin watanni. Aman ya zo, daƙiƙa bakwai kacal ya yi, amma a hasken UV tauraruwar ta ninka sau 14,000. Daƙiƙa bakwai! Kafin ka gama buɗe wayarka an gama.

Yanzu mu zo kan duniyar da ke zaune a gefen wannan murhun. Ranar 24 ga Agustan 2016, wata tawaga ƙarƙashin Guillem Anglada-Escudé na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ta sanar da gano Proxima b. Ba ganin ta suka yi ba, har yau babu wanda ya ɗauki hotonta. Yadda aka yi shi ne, duniya in tana zagaya tauraruwa, ita ma tana ɗan jan tauraruwar, kamar yaro ya riƙe hannun babba yana zagaya shi, dole babban ya ɗan yi tangaɗi. Da na'urar HARPS da ke La Silla a Chile suka auna tangaɗin, suka ga Proxima tana matsowa tana komawa da gudun kusan kilomita biyar a awa, gudun mai tafiya a ƙasa, duk kwana 11.2. Ku duba fa, daga kilomita tiriliyan 40 aka auna gudun mai tafiya kasuwa.

Abin da aka sani game da Proxima b: nauyinta aƙalla ya ɗan ɗara na duniyarmu. Shekararta kwana 11 ce da 'yan awanni. Nisanta da tauraruwarta kusan kilomita miliyan bakwai, wato ta fi mu kusa da tata ranar sau 20. Amma tunda murhun ƙarami ne, abin da take samu na ɗumi kusan kashi biyu cikin uku ne na abin da muke samu. Wannan ya sa ta cikin yankin da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba bai ƙafe ba, in har tana da bargon iska. A 2022 an sanar da wata ƙaramar kuma, Proxima d, mai kusan rubu'in nauyin duniyarmu, da ke zagaye cikin kwana biyar. Ita ta yi kusa da wutar da yawa.

A ce kana tsaye a kan Proxima b. Ranarka za ta fi tamu faɗi sau uku a sama, launinta ja-ja kamar na almuru. Kuma masana na ganin da wuya ta riƙa faɗuwa. Duniyar da ta yi kusa haka da tauraruwarta yawanci takan kafe ne da fuska ɗaya, kamar yadda wata ke nuna mana fuska ɗaya kullum. Gefe guda rana har abada, ɗaya gefen dare har abada, a tsakiya kuma wani zobe na magariba da ba ta ƙarewa.

Ga inda matsalar take. Ƙarfin haske yana ƙaruwa ne da ninkin kusanci sau kansa. In ka matso sau 20, abin da zai same ka sau 400 ne. Kenan ko da aman Proxima daidai yake da na Rana, wanda ke Proxima b zai sha sau 400 na abin da muke sha. Sannan ba sau ɗaya a shekara ba ne, ƙanana kusan kullum ne, manya kuma sau da yawa a shekara. Masanan da suka kama aman 2016 sun lissafa cewa in duniyar tana da rufin ozon irin namu, wanda ke tare mana hasken UV, irin wannan dukan zai cinye kashi 90 cikin ɗari nasa a shekara biyar. Wani binciken na hukumar NASA a 2017 ya ɗauki bargon iskar duniyarmu ya ajiye shi a gurbin Proxima b a kwamfuta. Sakamakon: iskar za ta riƙa tserewa sama sau dubu goma fiye da yadda take yi a nan, kuma za ta iya ƙarewa cikin shekara miliyan 100 zuwa biliyan biyu. Tauraruwar kuwa ta kusa shekara biliyan biyar. Lokacin ya isa ya yi ɓarna.

Muna da misali a gida. Duniyar Mas ta taɓa samun koguna da tafkuna, ga busassun hanyoyin ruwan nan ana gani a hotuna. Kumbon MAVEN da ya isa can a 2014 ya auna yadda iskar Rana ke kankare mata bargo har yanzu, kuma ya ga kankarewar tana ƙaruwa idan Rana ta yi aman wuta. Yau Mas hamada ce mai sanyi. Kuma da na'urar James Webb ta duba duniyoyi biyu na ciki a wata jar wadar, TRAPPIST-1, mai nisan shekarar haske 40 da duniyoyi bakwai, sakamakon 2023 ya nuna babu alamar bargon iska mai kauri a kansu.

To shi kenan, an rufe magana? A'a, akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na ɗaya, ruwa yana tare hasken UV. Duniyarmu ta yi fiye da shekara biliyan ɗaya da rayuwa a cikin teku kafin iskar oksijin ta taru a sama, kusan shekara biliyan 2.4 da suka wuce, har a samu ozon. In Proxima b tana da teku mai zurfi, abin da ke ƙasa bai san ana yi ba. Na biyu, Venus ta fi mu kusa da Rana, ba ta da garkuwar maganaɗisu irin tamu, amma bargonta ya fi namu nauyi sau 90. Kenan ba kowace duniya ce ke tsiraicewa ba, kuma duwatsu masu aman wuta na iya mayar da iskar da aka rasa. Na uku, wasu masana sinadarai na ganin hasken UV yana cikin abin da ake buƙata kafin tubalan rayuwa su haɗu, kuma jar wada in tana zaune lafiya ba ta bayar da isasshe. In haka ne, aman wutar da muke tsoro zai iya zama shi ne ashanar. Na huɗu, an ga wasu manyan aman a ƙananan taurari suna tashi ne kusa da ƙoƙon kansu, nesa da layin da duniyoyi ke bi, don haka guguwar ɓurɓushin na iya wucewa ta sama.

Ni dai in kuka tambaye ni, hujjar masu cewa saman ƙasar Proxima b wuri ne mai wuyar zama ta fi nauyi a yanzu. Amma ku lura, duka ɓangarorin biyu lissafi suke yi. Hanya mafi sauƙi ta gane iskar wata duniya ita ce ta gifta ta gaban tauraruwarta, a ga hasken da ya ratsa ta. Proxima b, daga inda muke, an nema ba a ga tana giftawa ba. Shi ya sa ido ya koma kan katafaren madubin ELT da Turawa ke ginawa a kan dutsen Cerro Armazones a Chile, mai faɗin mita 39, wanda ake sa ran zai fara aiki wajen 2030. Irinsa ne ake fatan zai iya raba ɗan hasken duniyar da na tauraruwar. Da yawanku da ke karanta wannan za ku ga amsar da idonku.

Kafin mu rufe, akwai labarin da ya zagaya intanet, wataƙila kun gani: wai an samu saƙo daga Proxima. Ga yadda aka yi. A ƙarshen Afrilun 2019, na'urar rediyo ta Parkes a Ostareliya tana kallon Proxima, kuma aman wutar ake bibiya. Daga baya wani ɗalibi da ke tace bayanan a shirin Breakthrough Listen ya ga wani siririn sigina a mita 982 megahaz, wanda ke bayyana idan an fuskanci tauraruwar, ya ɓace idan an kau da kai. Aka sa masa suna BLC1. A Disambar 2020 labarin ya fita a jaridu, duniya ta ɗauka. Masanan suka koma suka tone bayanan, suka samu wasu sigina masu kama da shi da dama a lokutan da na'urar ba ta ma kallon Proxima. A Oktoban 2021 suka fitar da sakamako: kayan lantarkin mutane ne a nan ƙasa. Labarin saƙon ya yi yawo sosai, na gyaran kuwa ko rabinsa bai yi ba. Don haka in wani ya turo muku shi a WhatsApp, kun san ƙarshensa.

Zuwa can fa? Da gudun Voyager 1, kilomita 17 a daƙiƙa, sai an yi fiye da shekara dubu 70. A Afrilun 2016 attajirin nan Yuri Milner tare da Stephen Hawking suka ƙaddamar da shirin Breakthrough Starshot da dala miliyan 100. Tunanin shi ne a ƙera kumbo mai nauyin giram kaɗan, a ɗaura masa wani siririn mayafi, a tura shi da hasken leza daga ƙasa har ya kai kashi 20 cikin ɗari na gudun haske. Shekara 20 a hanya, sannan shekara huɗu da 'yan watanni kafin hoton ya dawo. Har yau ba a harba ko ɗaya ba, matsalolin ƙira suna da yawa. Ita Proxima ma tana matsowa da kanta, kilomita 22 a daƙiƙa, kuma nan da shekara dubu 27 za ta rage zuwa shekarar haske uku. Bayan nan wata jar wadar, Ross 248, za ta karɓi kambun mafi kusa. Ita ma mai aman wuta ce.

Abin da nake so ku tafi da shi: in ka ɗaga kai da dare, duk tauraruwar da ka gani da ido ba jar wada ba ce, ko guda ɗaya, alhali su ne suka fi yawa a sama. Waɗanda muke gani su ne 'yan tsirarun masu haske. Rana tamu, da muke ƙorafin zafinta a watan Afrilu, tana cikin marasa rinjaye: babba ce daidai, tana da natsuwa, kuma mun zauna nesa da ita yadda dukanta ba ya kashe mu, ga maganaɗisun duniya da ozon suna tare saura.

Tambayar wannan makon: in aka ce kuɗin bincike ɗaya ne, a zuba shi wajen neman rayuwa a gefen jajayen wadannin nan masu yawa da kusa, ko a gefen taurari irin Rana waɗanda suka fi ƙaranci da nisa, wanne za ku zaɓa, kuma me ya sa? Ku ajiye amsa a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda kuma ya samu dare mai kyau ya hango Alpha Centauri a kudu, ya faɗa mana daga wane gari. Ku tura wa abokin da ke son irin wannan. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.